Kwalbar da ke Aljihun Sista

Sun rushe ɗakin shan maganin mishan da ke bayan Tarauni, sun kafa bene mai hawa uku a wurin, makaranta ce yanzu. Ranar buɗe ta aka aiko mini da katin gayyata, aka zaunar da ni a layin gaba tare da sauran tsofaffin da ake so baƙi su ga ba su mutu ba tukuna. Mai jawabi wani matashin Fada ne, limamin coci, mai zaƙin baki. Ya yi ta zuba yadda ɗariƙar Katolika ta bunƙasa a ƙasar baƙar fata, ya ce jiya Turawa ke tsallako teku su kawo mana bishara, yau 'ya'yanmu ne ke hawa jirgi su mayar musu. Aka yi tafi, ni ma na tafa, don gaskiya ya faɗa, jikana ma yana cikin masu tafiyar. Amma da ya gangaro kan Sistocin da, ya ce ko jaririn da ya zo hannunsu yana kan gargara ba su taɓa bari ya tafi haka nan ba, sai na sauke hannuwana a cinya. Ta kusa da ni ta zungure ni, ta ɗauka gyangyaɗi nake. Idona biyu. Akwai jariri ɗaya da ya tafi haka nan a ɗakin da suka rushe ɗin, ni ce kuma na sa ya tafi haka nan, har yau ban yi nadama ba.

Wanda yau ya san Gyaɗi-Gyaɗi ba zai yarda ba in na ce masa na sha tsayawa a ƙofar gidanmu in hango Tarauni ta saman kan gero. Mun zo ne daga kudancin Zariya, kamar yadda ake kiran ƙasarmu a lokacin, maigidana akawu a ma'aikatar gwamnati, ni da takardar ungozoma da 'yata a goye. Gidajen ƙasa ne jefi-jefi, tsakaninsu gonakin gyaɗa da kuɓewa. Da damina kwaɗi ke cika kududdufai da surutu, da sassafe kuma in iska ta juyo sai ka ji gurnanin zaki daga gidan namun daji, kaji su yi tsit. Bayan kiran salla taɓarya ke karɓa, gida ya amsa wa gida, har ka gane wace ce ta makara da wadda aka ɓata wa rai. Yanzu adaidaita sahu da janareta sun cinye duk wannan. Mutum zai kwana uku yana tari a bayan bangonka ba ka ji ba.

Mu Kiristocin unguwar a yatsun hannu ake ƙirga gidajenmu: malaman makaranta 'yan Filato, wani ɗan sanda, wata bazawara mai ɗinki, sai mu. Sabon Gari, inda coci yake, da nisa, don haka ran Lahadi a barandar ɗakin shan maganin muke taruwa, mu juya bencinan marasa lafiya su zama na sujada. Fada na zuwa a kan babur in hanya ta bari, in bai zo ba katikis, mai koyar da addini a coci, ya karanta mana abin da ya sawwaƙa. Kayan kiɗanmu tulu ɗaya ne da gora, ni ce mai kaɗa tulun, a hankali kuma muke waƙa kada mu takura wa mutane. Yau cocinmu sau uku yake cika ran Lahadi, ga lasifika, ga yara masu gaida mutum da Turanci. Ina murna, kada a ji ni ba daidai ba. Sai dai in ana ba da labarin yadda aka kawo nan akan tsallake wasu wurare, ni kuwa a gabana aka yi su.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan wani tela. Matarsa na murza taliya da ɗan injin hannu tana shanyawa a igiya, don haka kowa Mai Taliya yake ce mata, ni kuwa Yaya, don ta girme ni da 'yan shekaru. Watanmu uku a unguwar ba macen da ta taka ɗakina. Ana gaisawa, amma daga nesa, in na ari guga a rijiya sai an ɗauraye shi bayan na juya baya. Ita ce ta fara leƙo kai ta kan katanga, ta miƙo langa cike da taliya da manja da yaji, ta ce ta gaji da jin ƙamshin miyata ba ta san hannun da ke yin ta ba. Na mayar mata da langar da faten acca irin namu. Ta cinye, ta ce da daɗi, sai dai ƙwayar ta yi ƙanana kamar marowaci ne ya shuka ta. Daga nan katangar ta zama hanya, gishiri ya ƙetara, garwashi ya ƙetara, labari ya ƙetara. Ta koya mini yadda Kanawa ke gaida mutum har ya gaji, ni kuma ina duba mata yara in zazzaɓi ya kama su. Malama take kirana, yadda ake kiran duk malamar asibiti.

Shugabar ɗakin shan maganin Sista Babba muke ce mata, ko da yake ba ta kai kafaɗata ba. Baturiya ce daga wani tsibiri mai yawan ruwan sama, ta baro gida tun tana budurwa. Kada wanda ya ji labarin nan ya ce na ƙi ta. Ita ta karɓi haihuwar ƙanena a ƙauyenmu lokacin da kowa ya cire rai da uwata. Ita ta bi ubana har gona ta yi masa tsiya sai da ya bar ni na shiga makaranta. Hannuwanta duk sun tsattsage da sabulu, tana Hausa ta hanci, tana faɗa kamar ta ari baki, kuma na sha ganin ta ba majinyaci abincinta ta wuni da ruwan shayi. Duk abin da na iya na aikin nan a hannunta na koya. Da aka dawo da ita Kano ta ji ina garin, ita ta aika aka kira ni aiki.

Amma akwai kwalbar. 'Yar ƙarama ce, mai launin ruwan ƙasa, irin ta maganin zazzaɓi, kullum tana aljihunta na dama tare da ɗan curin auduga. Ruwa ne kawai a ciki. In aka kawo jariri ta duba ta ga ba na tashi ba ne, sai ta ce da uwar ta jira a baranda. Ƙofa na rufuwa ta jiƙa audugar, ta matsa sau uku a goshinsa tana raɗa kalmomin baftisma, da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Namiji ta sa masa Yusufu, mace Maryamu. Sannan ta goge, a miƙa wa uwa abinta. Ba ta tambayar ɗan wane ne, Kirista ko Musulmi ko Bamaguje. A yadda aka koyar da ita, ta kuma koyar da mu, yaron da ya mutu ba baftisma ba zai ga fuskar Allah ba, shi ya sa buɗe ƙofa take kiran abin. Tausayi ne ya sa ta, na rantse da wannan. Uwata takan ce mini duk abin da sai na rufe ɗaki zan yi wa ɗan wani, in sake tunani, amma na ɗauki maganar Sista na bar ta uwata. Na riƙe mata yara ba adadi tana yi, sau biyu kuma da ba ta nan ni na matse audugar da hannuna.

Abin da Sista ba ta lura da shi ba, uwa ba ta karɓar ɗanta ba ta shafa kansa ba. Gashin jariri kuwa laushi gare shi, ko an goge yana riƙe danshi. Matan unguwa sun daɗe da ganewa. Ba su yi hayaniya ba, ba halinsu ba ne, sai kawai suka daina kawo jarirai. Babba in ya yanke ko ya ƙone zai zo, mai ciki za ta zo awo, amma jinjiri sai an gama jiƙe-jiƙe da hayaƙi a gida, sai abin ya gagara, sannan a kawo shi lokacin da ba abin da za mu iya. Sista ta ce jahilci ne. Ni ma haka na ce, har ranar da Yaya ta tare ni a katanga, tana da tsohon ciki, ba wasa a fuskarta, ta tambaye ni ko gaskiya ne ana shafa wa yara ruwan coci a asibitinmu. Na ce mata mu magani muke bayarwa. Ta ce to, ta koma kan injinta. Na san ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba, ita ma ta sani.

Shekarar ce soja suka ce za su koma bariki su miƙa wa farar hula mulki. Gari ya rikice da siyasa. Motoci masu lasifika na ratsa gonaki suna waƙar 'yan takara, kowane zaure ya zama majalisa. Abin da ya fi ba mata mamaki shi ne an ce su ma su fito su jefa ƙuri'a, tsofaffin da ba su taɓa tsallake titi ba suka wanke mayafai. Yaya tana dariya ta ce tun da aka haife ta ba wanda ya taɓa tambayarta abin da take so, yau ga gwamnati da kanta na aiko mota tana tambaya. Ba ta samu ta jefa ba. Ana saura kwana biyar ta haihu, namiji, a gida, a hannun tsohuwar ungozomar unguwa. Ba a kira ni ba, na kuma san dalili. Na shiga barka, na ɗauki yaron, na dubi cibiyar ban so yadda aka yanke ta ba, amma na yi shiru, don tun ranar katangar bakina ya yi nauyi a gabanta.

Ranar zaɓen an yi ruwa da safe, hanya duk taɓo. Ni da Sista kaɗai ne a wurin aiki, sauran sun tafi bin layi. Wajen azahar na hango mace tana tahowa ta cikin gero, ba takalmi, mayafi a karkace. Mai jego ba ta taka ko zaure kafin suna, don haka da na gane Yaya ce sai na san ba lafiya ba. Tsofaffin gidan duk suna rumfar zaɓe, telan ma yana can. Yaron ya ƙi nono tun safe, bakinsa ya ƙulle, in an taɓa shi sai ya sandare ya banƙare. Ban buƙaci a gaya mini ba, ciwon nan ne da ke shiga ta cibiya in an yanke ta da reza mai datti. Babban asibiti yana cikin gari, motocin haya kuwa 'yan siyasa sun kwashe su kakaf, ko da ma an samu na san ba zai kai ba.

A baranda ta tsaya. Sista ta miƙo hannu, Yaya ta wuce ta, ni ta miƙa wa yaron.

"Malama, amana na ba ki," in ji ta. "Yadda na ba ki shi haka za ki dawo mini da shi, ko da rai ko babu."

Na ce na karɓa.

Muka shiga ciki. Sista ta yi duk abin da ake yi, ta wanke cibiyar, ta yi masa allurar da muke da ita, ta rufe taga don haske na tayar masa da ciwon. Mun fi awa guda a kansa. Da numfashin ya fara tsallake sai na ga hannunta ya nufi aljihun dama. Na sha ganin hannun nan yana wannan tafiyar ban taɓa jin komai ba. Ran nan sai na ga tafin hannuna ya riga nata, ya rufe kan yaron. Ɗan kan ko cika tafin bai yi ba. Ta ce in ɗauke hannuna, lokaci na ƙurewa. Na ce mu fita mu tambayi uwarsa, ga ta nan a baranda.

"In mun tambaya za ta ƙi," in ji Sista.

"To ai kin san amsarta ke nan, Sista."

Fuskarta ta yi ja har wuya. Ta ce yaron nan ko suna ba shi da shi, zai tafi kamar ba a yi shi ba. Na ce yana da suna. Ranar da aka haife shi ubansa ya ɗauke shi ya yi masa huɗuba, ya raɗa masa sunansa a kunne, ran suna sanar da jama'a kawai ake yi. Duk shekarunta a ƙasar nan ba ta san wannan ba, don ba ta taɓa tambaya ba. Ta ce ba ni zan koya mata aikin Allah ba, ita da ta ɗauko ni daga gona. Ta ce, da hawaye a idonta, ina rufe wa jariri ƙofar sama saboda kunyar maƙwabciya. Wannan maganar ta shige ni, don a lokacin ba ni da tabbacin ba gaskiya ta faɗa ba. Abin da na riƙe kawai, na ce na karɓa, kuma ban ga yadda Allahn da ya hana sata zai tsaya a bakin ƙofa yana amsar kayan sata ba. Na naɗe yaron a zanen uwarsa, na raɓa ta gefen Sista, na fita da shi.

A cinyar uwarsa ya cika, kafin la'asar, ina durƙushe kusa da ita. Daga nesa ana jin ihun 'yan siyasa. Yaya ba ta yi kururuwa ba, ta yi salati ta rufe masa ido. Sannan ta yi abin da na san za ta yi. Ta ɗora tafin hannunta a kansa, ta shafa daga goshi zuwa ƙeya a hankali, ta juya tafin ta duba. A bushe yake. Ta ɗago ta dube ni, ta kama gefen rigata ta aiki ta riƙe, haka muka taka har gida ta cikin taɓo. Kafin magariba maza sun dawo sun kai shi makwancinsa cikin danginsa.

Abin bai tsaya nan ba. Sista ta cire ni daga ɗakin jarirai ta mai da ni wankin gyambo da tafasa allurai, aikin sababbin shiga, ta kuma kai ƙarata wurin Fada. A lokacin an fara samun Fada-Fada namu 'yan ƙasa, wani siriri ne ɗan Filato, sabon naɗi. Ya kira ni bayan sujada yana ta juya makullin babur a hannu, ya ce dokar coci tana bayan Sista, in yaro na bakin mutuwa ana iya yi masa ko iyaye ba su so. Ya ce in zo in furta zunubina a huta. Na ce ina da zunubai da yawa, zan kawo masa su a jere, har da yara biyun da na jiƙa wa kai a ɓoye, har da shirun da na yi a kan cibiyar nan, amma wannan ba ya ciki.

"Fada, na ji doka tana bayan Sista," na ce. "Amanar da na karɓa fa, tana bayan wa?"

Ya tashi babur ɗinsa ya tafi. Bai dai hana ni Jibin Ubangiji ba, gurasar nan mai tsarki da ake karɓa a sujada.

Mutanenmu ne suka fi ci mini rai. Matan zumuntar coci suka karɓe tulun daga hannuna. Aka riƙa cewa taliya ta saye ni, wai saura ƙiris in yi lulluɓi. Maigidana, Allah ya ji ƙansa, mutum ne mai gudun magana, ya roƙe ni in je in ba Sista haƙuri ko don aikin. Na ce in ya ga na durƙusa, to allura ce ta faɗi nake nema. Kowace Lahadi sai na ɗaura ɗankwalina mafi tsayi, na zauna a bencin gaba inda kowa zai gan ni, na fi kowa ɗaga murya a waƙa. Cocin nan nawa ne ni ma, ba mai korata daga gidan Ubana da zumɓura baki. Wata shida na yi ina wankin gyambo, sannan na ajiye aikin da kaina na koma na gwamnati, inda sai na sha tafiyar ƙafa safe da yamma.

A unguwa kuwa ban san me Yaya ta faɗa ba, ko ga wa. Na dai ga bayan ta yi arba'in an fara sallama a ƙofata, a ce Malama ta zo ta duba jinjiri, tun ciwo bai yi nisa ba. Na koya wa tsohuwar ungozomar tafasa reza, ta yi ta mita amma ta tafasa. Ko ɗaya cikin matan nan ba ta zama Kirista ba, ban kuma nema ba. Yaran dai sun rayu, wasunsu su ne yanzu ke yawo da fararen riguna a babban asibitin koyarwa, in sun gan ni a layi su ce Mama taso. Masu jawabi su faɗi abin da suka ga dama. Coci ya girma, amma ba da jariran da aka jiƙa wa kai a ɓoye ba, waɗannan suna maƙabartun iyayensu. Ya girma ne da waɗanda suka tako da ƙafarsu, da 'ya'yan katikis da malaman makaranta irin namu, da suka zauna a unguwanni irin wannan har suka tsufa ba a same su da cin amanar maƙwabci ba.

Bayan 'yan shekaru ƙafafu suka gaza wa Sista, aka kira ta gida. Ban je bikin sallama ba, ita ce ta zo, da sanda, har ƙofar ɗakina. Ta ƙi zama. Ta tambaye ni ko na sake tunani, na ce a'a. Ta ce ita ma haka. Sai ta sa hannu a aljihun dama ta ciro kwalbar ta damƙa mini, ta ce wata rana zan buƙace ta. Muka rungume juna muna kuka kamar yara, ba wadda ta ba wata haƙuri. Can ta mutu a tsibirinsu, kuma ba ranar da ba na sa ta a addu'a.

Ta yi gaskiya, na buƙace ta sau ɗaya. 'Yar da na zo da ita a goye ta girma ta yi aure, ta zo ta haifi bakwaini a ɗakina, yaro ya fito ba kuka ba motsi. Ina ta fama da shi uwar ta ɗago kai ta ce, "Mama, don Allah ki yi masa baftisma." Yaya ce ke riƙe da kafaɗunta. Kwalbar ta daɗe da bushewa, Yaya ce ta ɗebo ruwa a randa ta zuba mini. Na matsa audugar sau uku, na faɗi kalmomin da ƙarfi, ƙofa a buɗe. Tun farko ba ruwan na ƙi ba, satar na ƙi. Yaron ya yi atishawa, ya tsala kuka, ya ƙi mutuwa don taurin kai irin na kakarsa. Shi ne Fadan da za a tura ƙasar Turawa.

Jiya ya zo sallama cikin farar doguwar rigarsa, jikan nawa, mijina na wasa da ya guje ni ya auri coci. Na ce ya je can ya rame, ba mai yi masa fate. Ya ce cocinan can tsofaffi ne kawai suka rage a ciki, shi ya sa ake tura su. Na ce to ya tuna baƙo zai zama, yadda Sista ta zama baƙuwa a nan, kuma zai ga abubuwa da yawa da zai ɗauka jahilci ne. Na buɗe adaka na ciro kwalbar, na ba shi labarin nan tun daga farko. Na ce ya mai da ta ƙasar da ta fito, in ya sami kabarin Sista ya gaishe ta, amma duk abin da zai zuba wa mutum, ruwa ne ko magana, ya tambaya tukuna. Sannan na ce in ya tsaya sujadarsa ta farko a can ya sa jaririn nan a addu'a.

"Kaka, mene ne sunansa?"

Na san sunan. Shekaru bayan rasuwarsa na tambayi Yaya ko ta yarda in riƙa yi masa addu'a irin tamu. Ta ce addu'a ba ta jiƙa kai, ta jawo kunnena ta raɗa mini. Ban da ita da telan, wanda ya riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na sani. Amma ba nawa ba ne da zan bayar.

"Uwarsa tana nan bayan katanga," na ce. "Tashi ka je ka tambaya."

Ya tafi. Katangar yanzu ta bulo ce, ta fi ta da tsawo, amma har yau tana ƙetaro da sauti. Na ji ya yi sallama, na ji ya tuɓe takalmi, na ji Hajiya, don yanzu haka ake ce wa Yaya, tana tsokanarsa wai ga angon da ba amarya. Sai muryoyin suka yi ƙasa. Aka daɗe, ba abin da nake ji sai ƙarar adaidaita daga titi. Da ya dawo idanunsa sun yi ja, leɓensa na motsi a hankali kamar mai tsoron kada abu ya zube masa a hanya. Ya durƙusa a gabana in sa masa albarka. Na ɗora tafin hannuna a kansa, na ji wurin da ɗumi, wani tafin ya riga nawa.